Teburin Rabbi Henoch

"Zan sa zarto," in ji Anshel kafinta, "amma in an tambaya, kai ka ce a yanka. Ni hannu ne kawai."

"Na ji. Sai me kuma?"

"Ladana kifin Asabar ne, har ƙarshen damina. Kuma ba wutsiya ba, Getzel, na san halinka."

Muka tafa. Safiyar Juma'a ce, malaminmu Rabbi Henoch ya cika da asuba, kuma dole a kai shi makabartarmu ta Putte, tsallaken iyaka, kafin rana ta faɗi Asabar ta shigo, ranar hutunmu da ba ma binne gawa.

Ni mai sayar da kifi ne a Antwerp, kuma shekara ashirin ina cikin masu wankan gawa. Sai da na kai arba'in ban iya haɗa baƙi biyu na Attaura ba. A majami'a leɓe kawai nake motsawa. Rabbi Henoch ya gane, bai tona ni ba. Ya ce in zo ɗakin baya na makaranta bayan addu'ar safe. Can na tarar da mahauta biyu da direban tasi da wani tsohon tela, kowa na sunkuyar da kai. A kan tebur ɗaya ya koya mana duka, teburin da yake koyar da yara da hantsi. Shekara talatin da ɗaya yana bugun katakon nan da tafin hannu.

Matarsa Perel ce ta aiko a kira ni. Ta ce wasiyyarsa ɗaya ce: a yi masa akwatin gawa da teburin, kamar yadda magabatan malamai suke yi, don katakon ya ba da shaida a kansa ranar hisabi. Ta gaya wa kwamitin makaranta, sun ƙi. Shugabansu Menashe Lindenthal, dillalin lu'ulu'u, ya ce tebur kayan makaranta ne, za a kafa shi a zauren sabon gini, a kewaye shi da igiya, a manna masa farantin tagulla mai sunan rabbi. Da sunan wanda ya biya kuɗin farantin, ba sai an faɗa ba.

Muka ɗauko teburin a motar kifina. Mai gadi ya tambaya, na ce gyara za a yi masa. Anshel ya fasa shi gida shida, ya haɗa da turakun katako, don ƙarfe ba ya bin mamacinmu. Tabon tawada da zanen wuƙar yara muka juya su ciki.

Mun yi wa rabbi wanka, mun sa masa likkafani, mun kwantar da shi a ciki, ina neman gafararsa kamar yadda aka saba, sai ga Menashe ya faɗo ɗakin, hularsa a karkace.

"Reb Getzel, sata ka koma da tsufanka?"

"Sannu da zuwa, Reb Menashe. Rage murya, malaminka na kwance."

"Fito da shi. Akwai akwati mai kyau a mota, ni na saya."

"Fito da shi da kanka. Ga shi nan."

Anshel ya maƙale a bango yana duban farcensa.

"Zan kai ka gaban kotun malamai," in ji Menashe. "Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba sai da furfura."

"Gaskiya ne. Amma a kan katakon nan na koya, kuma na riƙe abin da aka koya mini. Kai da ka sauke littattafai, gaya mana: akwatin da aka riga aka sa gawa a ciki, ya halatta mai rai ya more shi?"

Kowa a ɗakin ya san hukuncin. Abin da ya zama na mamaci ya haramta ga masu rai, ko ado ne, ko itacen wuta. Ko ya ciro rabbi, katakon sai dai a binne shi.

"Da gangan ka yi sauri," ya ce.

"Asabar ce ke kora ta. In kana da ƙara, kai wa wanda ya halicci Juma'a."

Ya daɗe a tsaye yana kallon gefen akwatin. Sannan ya gyara hularsa ya fita. A Putte shi ya yi jawabi mafi tsawo, har da hawaye, ya ce kwamiti ya ga dacewar cika wasiyyar malam. Na bar shi ya faɗa. Ni dai na karɓi shebur na zuba ƙasata sau uku.

Bai kai ni kotu ba, ya san inda za a kwana. Ya bi ta inda ya fi ciwo. Gidajen masu lu'ulu'u goma sha ɗaya suka daina sayen kifina, kuma shekara shida ba a kira ni karatun Attaura a gaban jama'a ba, ni da na sha wuya kafin in iya. Na ci gaba da zuwa, ina zama a layin gaba, ina ɗaga murya daidai kunnensa.

In lissafi za a yi, Menashe ya samu yabo a bakin mutane, ya rasa abin nunawa a zaurensa. Ni na rasa rabin kasuwata, kuma ba ta dawo ba har na rufe shago. Perel ta samu kwanciyar rai. Riba kuwa ta Rabbi Henoch ce, ya tafi da shaidarsa.