Alayyafon Auta

Tun da aka ba 'yan aji huɗu fili a bayan makaranta, Auta ba ta da zance sai na alayyafonta. Taki uku aka auna wa kowane yaro, shi zai shuka, shi zai yi ban ruwa. Babanta tela ne, shagonsa a ƙofar gida. In tana ba shi labari sai ya yi ta taka keke yana cewa to, to, rabin maganar ba ta shiga kunnensa.

Ranar da suka yi yankan farko ta ɗauro nata da zare, ta jingine a bakin shago, ta wuce kai saƙo gidan gwaggonta. A bakin shagon ne kuwa mai kawo ciyawa ya saba ajiye wa akuyarsu ganye. Tela ya fito miƙe baya, ya ga ɗauri, ya ɗauka ya jefa wa akuya. Har tsayawa ya yi yana jin daɗin yadda take ci.

Can sai ga matarsa tana neman ganyen Auta. Wai Malama ta ce kowa a dafa nasa a gida, gobe ya faɗa wa aji wa da wa suka ci. Tela ya nuna mata zaren da ya rage a ƙasa. Ta dube shi, ta dubi akuya, ta ce lallai yau an yi wa uwar gida akuya hidima. Shawararta ita ce ya je kasuwa ya sayo wani, kuma ya kama bakinsa. Haka ya yi.

Da aka zuba abinci, Auta da ba ta taɓa yarda ganye ya shiga bakinta ba sai ga ta tana ci hannu baka hannu ƙwarya. Ta ce ita da ta san haka yake da daɗi, da tuni. Ta riƙa tsamo manyan ganyen daga kwanonta tana zuba wa babanta, tana gaya masa wannan daga tushen da ya kusa mutuwa ne, ita ta yi masa inuwa da kwali.

Tela ya ajiye lomar da ke hannunsa. Matarsa tana harararsa, ya yi kamar bai gani ba.

"Auta, wannan ba naki ba ne. Naki ni na ba akuya, ban sani ba. Wannan na kasuwa ne."

Ta cire hannu daga kwano. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da kukan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta jima tana kallon miyar.

"To gobe me zan ce wa Malama, Baba?"

Ya ce ba ita za ta faɗa ba. Da safe bai buɗe shago ba. Ya sa hularsa ya bi ta makaranta, tana gaba da taki biyu ba ta waiwayo ba, shi yana baya riƙe da jakarta.