Ɗan Gidan Kaka Sokhom

"Ina ruwan ya kai yanzu?"

"Matakala ta biyar, Kaka."

"Wa ya tambaye ki matakalarku, Mao? Ku da kuke can sama kamar birai, me zai same ku? Ɗan gidana nake tambaya."

Na leƙa ta barandar gidanmu da ke tsaye kan dogayen ƙafafun katako, waya manne da kunnena. Filin gidanmu ya ɓace tun kwana shida da suka wuce. Babu hanya, babu shinge, babu gonar shinkafa, ruwa ne kawai mai launin shayi da madara tun daga gindin matakala har inda ido ya gaza, itatuwan giginya tsaye a cikinsa. A kusurwar gabas, kan ginshiƙinsa guda, ɗan gidan katakon yana nan, bai fi akwatin tufafi girma ba, jan fentinsa ya koɗe.

"Saura kamar taƙi guda ya taɓa gindinsa," na ce.

Ina jin hayaniyar asibitin babban birni a bayanta, inda 'yarta ta kai ta aikin ido.

"To saurara, 'yata. Ki kunna turare tsinke biyar, ki haɗa hannu ki ce da mai-ƙasa ya yi haƙuri, ba korarsa ake yi ba, ruwa ne. Sannan ku zare kusoshi biyu na ƙasa, ku hau da shi baranda. Kada ku ajiye shi inda ƙafa ke takawa. Kin ji ni?"

"Na ji, Kaka."

"Ki gaya wa Malam, babanki, na ce ina roƙonsa."

Ban taɓa jin ta roƙi kowa ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan muna haya a gidan Kaka Sokhom, tun ina 'yar shekara uku, lokacin da ekklisiyarmu ta can gida ta aiko Baba da Mama aikin bishara Kambodiya. Sharaɗi ɗaya ta kafa ranar da ta miƙa makulli: a yi waƙa, a yi addu'a, a tara duk wanda za a tara a ƙarƙashin gida, amma kada a taɓa ɗan gidan mai-ƙasa, iskan da suke cewa shi ke tsaron filin. Mijinta ne ya sassaƙa shi da hannunsa, shekarar da suka dawo a ƙafa daga sansanin aikin dole na mayaƙa masu baƙaƙen kaya, su biyu, bayan sun tafi su huɗu. Duk ranar ibadarsu tana zuwa da ayaba da kofin ruwa ta ajiye, ta kunna turare, ta hau sama ta sha shayin Mama, ta kushe shi, ta tafi. Ita ta raɗa mini Mao, sunan da suke ba duk yaro mai duhun fata. Ita ta kwana huɗu a kaina lokacin da zazzaɓin sauro ya so ya tafi da ni, tana kankare mini baya da kwabo da mai, Mama na kuka a gefe.

Baba bai taɓa ambaton ɗan gidan a wasiƙun da yake aikawa gida ba. In za mu ɗauki hoto, mai ɗauka ne yake juya masa baya.

Sai ga Rabaran Dogara. Ziyarar kwana uku ya zo, ya duba aiki, ya kai wa majalisar ekklisiya rahoto ko a bar mu ko a maido mu. Tun bai sauke jakarsa ba idonsa ya faɗa kusurwar gabas. A rana ta uku tafki ya cika ya batse, hanya ta nutse, maƙwabta suka kora shanunsu zuwa tudun gidan ibada, kwalekwalenmu kuma Baba ya ba wa Narit, ɗan cocinmu, aro don kwashe tsofaffi, bai dawo ba. Yau kwanan Rabaran tara tare da mu, da kaji bakwai, da babur, da bencinan coci da aka jibge a ɗaki. Tururuwa ma sun hawo, suna bin bango a jere. In mutum ya yi taku goma sha biyu ya kai ƙarshen duniyarmu, sai ya juyo.

Na shiga ciki na tarar Mama ta kwashe tuwon garin shinkafa, da miyar kukar da Rabaran ya kawo mana tsaraba.

"Amarya, zo ki ci abincin mutane," in ji shi. Haka yake kirana, wai shi ya yi wa Baba baftisma, don haka ni jikarsa ce kuma matarsa. "Ko sai an kawo miki ruɓaɓɓen kifin nan naku?"

"Ai daddawarka ma ba turare ba ce, angona."

"Ji bakinta. Hausa kamar ana tauna ƙashi. Briskila, wannan in na kai ta gida ai sai an nemo mini tafinta."

Mama ta yi dariya, amma idonta na kaina. Ta san fuskata.

"Tsohuwa ce?" ta ce.

Na zauna na faɗi saƙon duka, ban rage ko tsinke ɗaya ba. Baba ya tsame hannunsa daga kwano. Daga can nesa lasifikar gidan ibada na ta kwararo karatun limamansu a kan ruwa, don lokacin sadakar magabata ne, kwana goma sha biyar ba dare ba rana.

"Turare," in ji Baba, kamar mai ɗanɗana magani.

"A bar zancen turare," Mama ta ce. "Katako ne, Baban Keziya. Da kujerarta ce ruwa zai ci, da tuni ka sauka."

"Da kujera ce."

"To a ina ma za a ajiye shi? Abin da muke da shi mai tsayi a barandar nan teburin Jibin Ubangiji ne kaɗai." Sai da Mama ta faɗa, sannan ta ji abin da ta faɗa.

Rabaran ya wanke hannu a hankali. Ƙafafunsa sun kumbura saboda zama, ya miƙe su da ƙyar.

"Barnaba, ɗana, ban yi magana ba tun da na zo, don na ce gidan haya ne, fili ba naka ba. Na yi niyyar in rubuta haka, in kāre ka. Amma fili daban, hannunka daban. Ranar da ka rungumo abin nan a ƙirji ka hau da shi inda kake karya gurasa, me zan ce da mutanen da suke sayar da akuyarsu don ka zauna a nan?"

"Na sani, Baba Rabaran."

"Ni ina saurayi na rushe ɗakin tsafin mahaifina da sanda. Ya rayu shekara ashirin bayan nan, bai sake kiran sunana ba. Ba alfahari nake yi ba. Ina gaya maka ne na san farashin abin." Ya dubi tafin hannunsa. "Ƙarya kuwa ba zan rubuta ba. Abin da na gani shi zan faɗa, kai ma ka san majalisa."

"Ba majalisa kaɗai ba ce," in ji Baba. "Narit fa? Ni na tsaya a kansa ya yanke layar ƙugunsa ya jefa a wuta. Matarsa ta koma gidan iyayenta saboda haka, har yau. Ya dawo da kwalekwale ya tarar da wannan a barandata, in ce masa me?"

Wata kaza ta leƙo ƙofa, Mama ta jefe ta da murfin kwano.

Na koma baranda na zauna, ƙafafuna a rataye ta tsakanin katako. Ni na karanta labarai da yawa na mutanen da aka kulle a kurkuku da tsibirai, kullum akwai taga, akwai wani tsuntsu da ke zuwa. Ba wanda ya gaya mini akwai kullen da kowace ƙofarsa tana buɗewa ne a kan wani da kake ƙauna. In Baba ya sauka, kafin Kirsimeti muna cikin jirgi, zuwa garin da ake ce mini gida, wanda sau biyu na taɓa gani, inda yara suka bi ni suna dariyar yadda nake haɗa hannu in gai da manya. Ba zan sake jin ƙamshin shinkafa sabuwar yanka ba. Kaka za ta mutu ba na nan. In kuma bai sauka ba, za mu zauna, amma da wane ido? Ba za ta kore mu ba, na san ta. Za ta zo ta tsaya gaban ginshiƙi tsirara, da sabon idon da aka gyara mata, ta daɗe, ta juya ba ta hau shan shayi ba.

Na so in tsani Rabaran, ya ƙi tsanuwa. Da safe na gan shi yana ba kajin nan ragowar shinkafarsa yana yi musu magana.

Wajen la'asar ruwan sama ya sake saukowa, siriri, marar gajiya. Wani reshe ya zo da gudu ya bugi ginshiƙin, ɗan gidan ya girgiza, kofin ruwan Kaka ya gangaro ya tafi. Taƙin nan ya koma yatsa uku. Baba ya fito ya tsaya kusa da ni da Littafi a hannu, ba ya karantawa. Mama ta fito da tsintsiya tana share inda ta riga ta share. Rabaran ma ya jawo kujera bakin ƙofa, don cikin ɗakin ya ishe shi.

Waya ta yi ƙara.

"Mao, yanzu za su shiga da ni. Sun ce in cire haƙoran robana, ki ji marasa kunya." Muryarta ta yi ƙanƙanta. "An ɗauke shi?"

Na dubi ɗan gidan. Na dubi Baba. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina.

"An ɗauke shi, Kaka. Yana nan sama."

"A bushe?"

"A bushe."

Ta ja dogon numfashi, irin na wanda ya sauke tulu. "Na san Malam ba zai ba ni kunya ba. Ki ce masa bakinsa da addininsa daban ne, amma cikinsa namu ne. To, bari in je su ƙwaƙule ni."

Ta kashe. Na sauke wayar daga kunnena. Da Khmer, harshen ƙasar, muka yi maganar, Rabaran bai ji ko kalma ba, amma Baba da Mama sun ji duka. Tsintsiya ta tsaya.

"Lafiya?" in ji Rabaran. "Me tsohuwar ta ce?"

Kwana tara Baba ne tafintansa. Duk abin da aka faɗa a gabansa, na kasuwa da na coci, har zagin da wani mashayi ya yi masa a hanya, Baba bai taɓa rage masa ko sassauta ba. Na roƙe shi da ido. Bai kalle ni ba.

"Ta tambaya ko an ɗauke abin," ya ce. "Keziya ta ce an ɗauke."

"An ɗauke?" Rabaran ya juya ya dubi ruwa, sannan ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. "Amarya," ya ce a hankali, "me ya kai ki?"

Kuka ya ƙwace mini. "Fiɗa za a yi mata, Baba Rabaran. Shekararta tamanin. In ce mata me? In ce muna zaune muna kallo?"

"Sai ki kira ta ki gyara, in ta fito."

"In ta fito," in ji Mama, ta jingina tsintsiya da bango.

Baba ya daɗe yana kallon kusurwar gabas. Ruwa ya fara lasar katakon ƙasa, yana taɓawa yana ja da baya.

"Shekara goma sha huɗu ina wa'azi a kan gaskiya a ƙarƙashin gidan nan," ya ce, "ina sa mai ɗaukar hoto ya juya wa abin can baya. A wurina ta koya."

"Barnaba, kada zafin zuciya ya yanke maka hukunci. Ka tuna aikin. Mutum goma sha tara ka yi wa baftisma a garin nan, wa zai riƙe su in ka tafi?"

"Wanda ya kira su, Baba Rabaran. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba ko daidai nake."

"Kai da ba ka iya ruwa ba," in ji Mama. "Ɗan kan dutse. Ruwan zai kai maka ƙirji fa, ga shi yana ja da ƙarfi."

Baba ya miƙa mata Littafin. Ya cire agogo ya ɗora a kai, ya fara kwance maɓallan rigarsa. Ya tsaya gaban Rabaran, ya ɗan rusuna kamar yadda na ga yana yi masa tun ranar da ya zo.

"Turare ba zan kunna ba, ba zan roƙi kowa ba sai Allah, wannan kuma da bakina zan gaya wa tsohuwa in ta farka, da Narit ma. Amma zan sauka in ɗauko shi, ya zauna a barandar nan har ruwa ya janye. Ka rubuta musu yadda ka gani, kada ka rage komai. Keziya, ke kika iya ruwa, ɗauko igiya ki shige gaba."