Ƙafar Baya ta Hagu

Hamidu ya ji kukan tun kafin kowa ya ji shi. Wani ɗan gurnani ne can ƙasa-ƙasa, a ƙafar baya ta hagu, kamar tsakuwa ta faɗa injin niƙa. Ƙaramar katafilar tana tsakiyar busasshen tafkin ƙauyen tana kwashe yashi, shi kuwa yana zaune a gindin aduwa da famfon giris a cinya.

Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ta wa ƙungiyar manoma da makiyaya. Bana idonsa ya soma rauni, sai aka karɓi makulli aka miƙa wa Almustafa, ɗan ƙanwarsa, wanda ya dawo daga Damagaram da takardar shaida a leda. Hamidu aka bar masa giris da tsumma. Ya ce ba komai, har da 'yar dariya. Ƙarya yake yi, abin ya tsaya masa a rai.

Babban abin haushin, Almustafa ya iya. Irin wannan katafila ba ta da sitiyari: ƙafafun gefe ɗaya ke tsayawa, na ɗaya gefen su juyo da ita tana gurzar ƙasa. Almustafa kan wulwula ta wuri guda kamar mai rawa, makiyayan da suka gangaro daga wajen Tenhya su tsayar da raƙuma suna cewa, "Kai, ga gwani!" Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa ce wa Hamidu gwani. Shi a hankali yake juyi, don ya san abin da rawar nan take yi wa boris, ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansa: ta matse shi, yashi ya ratsa roba ya cakuɗe da giris, ya dinga cin ƙarfe.

Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ba a gama yasar tafkin kafin ruwan farko ba, zai ƙafe tun rani bai yi nisa ba, dabbobi su koma tafiyar yini guda neman rijiya.

Da azahar Almustafa ya kashe inji ya tafi alwala. Hamidu ya zaga katafilar yadda ya saba, yana ɗora bayan hannu a kan cibiyar kowace ƙafa. Uku ɗumi kawai. Ta huɗun, ta baya ta hagu, ta cije shi da zafi. Ya fizge hannu, ya danne ihu a maƙogwaro. Giris ɗin da ke tsatsowa ya yi baƙi ƙirin, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Da za a tsaya yau, a ɗaga ta a wanke, a cika sabon giris, a rage rawa, za ta kai ƙarshen aiki.

"Kawu, yaya ƙafafun?" in ji Almustafa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

Hamidu ya tura hannu cikin aljihu. "Ni za ka tambaya? Ai kai ne mai takarda."

"Haba Kawu."

"Lafiya lau suke. Hau abinka."

Rana ta uku da hantsi ƙafar ta yi wata irin ƙara, ta karkace, katafilar ta durƙusa da yashi cike da bakinta. Aghali, shugaban ƙungiya, ya buga waya Tanout, ya buga Damagaram. Aka ce sai an aiko da sabon boris daga Kano, mako biyu in an yi sa'a. Bakunan da suka ce gwani su ne suka koma cewa ai dama rawar kai ta yi masa yawa. A faɗi gaskiya, Hamidu ya ji daɗi. Daɗin ya kai shi har la'asar ɗin Juma'a, lokacin da ruwa ya kece a kan tafkin da ko rabi ba a yashe ba.

Washegari, bayan an janyo katafilar bakin tudu da shanu, su biyu suka tsuguna suna kwance ƙafar. Boris ɗin ya fito a dagargaje. Hamidu ya miƙa hannu zai karɓa, sai tsumman da ya ɗaure bayan hannunsa da shi ya zame.

Ƙunar ta fashe, ta soma bushewa, amma siffarta tana nan sarai: kusurwa shida. Almustafa ya dube ta. Ya dubi babban notin cibiyar ƙafar da ke ajiye a kan yashi.

"Kawu, wannan ƙunar ta kwana biyu."

"Ta kwana biyu."

Almustafa ya buɗe gwangwanin sabon giris, ya lakato da yatsa, ya kama hannun kawunsa ya shafa masa a hankali. Sannan ya ɗauki sifana ya ci gaba da aikinsa.

Daga can sama Aghali ya ɗaga murya, don kowa ya ji. "Malam Hamidu, ka yafe mana! Wallahi da kai ke riƙe da makullin nan, da ba a yi haka ba!"

Cikin su biyun ba wanda ya ɗago kai.