Rago a Ƙetaren Kwazazzabo

Yidir ƙanen matata Tuda ne. Shekarar da ya dawo daga Faransa ya zo da wata bindiga mai madubin hange, wadda ba mu taɓa ganin irinta ba a tsaunukan Atlas. Ita ke auna nisa, ita ke auna iska, sai ta kunna ɗan koren ɗigo, alamar lokaci ya yi. Naka kawai jan kunama.

Da aka buɗe farauta, ma'aikatan gandun daji suka ba ƙungiyarmu ta maharba izinin harbin ragon dutse guda. Muka hau da hantsi, ni da Yidir da Assu mahauci. Can ƙetaren kwazazzabo, inda mutum ke komawa kamar tururuwa, muka hango wani tsohon rago tsaye gaban duhuwar itatuwa, gashin wuyansa har gwiwa.

Yidir ya kwanta rubda ciki ya saita. Ɗigon ya yi kore.

Assu ya ce, "Harba mana, Bafaranshe! Ko sai an kawo maka cokali mai yatsu?"

Yidir bai ɗago ba. "Bai ma san ina duniya ba, Assu. Bai ji warina ba, bai ji takuna ba. Kuma in ya faɗi da sauran rai, kafin mu gangara mu haura mu yanka shi, ya gama shan wuya."

"To me ka saye ta ka yi? Ado?"

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan."

Suna cikin haka ragon ya zabura, ya bi duwatsu ya ɓace. Assu ya cire rawaninsa ya buga da ƙasa. Yidir kuwa ko motsi, idonsa na manne da madubin. Can ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Yaya Hammu, zo ka duba."

Na leƙa. Daga cikin duhuwar nan, daidai bayan inda ragon ya tsaya, Tuda ce ke fitowa, da jan ɗankwalinta da damin ganyen ƙamshin nan za'atar a baya. Gidan gwaggonta ta ce mini za ta, ashe ta ratse tsinkar ganye. Har zufar goshinta ina gani. Na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Assu ya tsinci rawaninsa, muka sauka.

Ranar Juma'a bayan masallaci maharba suka taru a gidan Dada Bassu, shugabanmu. Aka zuba shayi, aka yi ta musu. Samari suka ce bindigar ta fi tamu tausayi, tunda ba ta kuskure. Yidir ya ce haka ne, amma abin da ke gaba kaɗai take nunawa, ba ruwanta da na baya. Assu ne, ga mamakin kowa, ya kawo shawarar da aka tsaya a kai: a yi hange da madubi yadda aka ga dama, amma babu mai harbi ƙetaren kwazazzabo, ko wurin da ba zai iya isa da wuƙarsa nan da nan ba. Jami'in gandun daji ya amince, ya sa ta cikin sharuɗɗan izinin yankinmu.

Da Tuda ta ji labari sai ta tashi ta dafa tajin, farfesunmu na kaza da zaitun, ta ce in kira mata ƙanenta. Ya zo yana sunkuyar da kai. Ta kama kunnensa ta murɗa, kamar yadda take masa yana yaro, hawaye na zubo mata.

Ni dai ba ni da bakin godiya. Washegari na ɗauki amyar zumata mafi kyau, na ɗora wa alfadari, na kai bayan gidansa na girke. Ya fito yana cewa ba ya son harbin ƙudan zuma. Na ce sai dai ya saba, don ba zan mayar ba.