Jan Ƙyallen Bijimi

Ranar da labarin ya zo, ina tsugune a tsakar gida ina wankin kayan aikin mijina. Ƙaninsa ya shigo shiru, shi da yake fara tsokanata tun daga bakin ƙofa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Matar Yaya, tashi ki ɗauraye hannunki."

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Hatsari aka yi a hanya. Yaya yana ciki. Sai haƙuri."

Ban yi kuka ba. Na juya na dubi rumfa, ga babur ɗin nan a tsaye an lulluɓe shi da tamfol. Na ce, "Ba shi ba ne. Dubi babur ɗinsa." Na yi shekaru ina tsoron wannan labari, amma a raina kullum tare da babur zai zo. Ban taɓa kawowa a motar haya zai same shi ba.

Babur ɗin ba irin na yawon cikin gari ba ne. Ƙato ne, na doguwar tafiya, da gilashi a gaba, da roba da ta rufe masa ƙirji, da akwati biyu a gefe inda mijina yake zuba sifanu. Aikinsa gyaran injinan ban ruwa a gonakin nesa, wani lokaci ya wuni a hanya kafin ya kai. Bijimi yake ce masa. Idan na yi ƙorafin ya fi kula da shi a kaina, sai ya ce, "Ke idan kin yi fushi kina faɗa. Shi sai a tsakiyar titi yake faɗar nasa."

Shi yake duba abinsa da hannunsa. Kafin kowace tafiya sai ya auna iskar taya, ya taɓa sarƙa ya ji ko ta saki, ya sa ni na riƙe masa babur ɗin tsaye ya leƙa baƙin mai. Kuma yana da wata ɗabi'a. Idan ya ga wani abu ya lalace bai samu gyara shi nan take ba, sai ya yagi tsohon zanena ja, ya ɗaura a daidai wurin, ya bar jelar tana lilo. Dokarsa ke nan a gidan: idan da jan ƙyalle a jikin Bijimi, ba mai tayar da shi.

Da safen ranar da ya tafi, yana saka takalmi a bakin ƙofa ya ce mini, "Na ɗaura wa Bijimi ƙyalle, kada kowa ya hau. Zan shiga mota in sayo kayan a babbar kasuwa." Ina juya tukunya a lokacin. Na ce to. Ban tambaye shi ko mene ne ya lalace ba, don ban saba tambaya ba.

Bayan an share makoki, gida ya yi shiru, masu gonaki suka fara kiran babban ɗanmu. Dogo ake ce masa, ya koyi aikin a hannun ubansa, kuma ya iya babur ɗin. Wata rana ya yaye tamfol. Ina jin ƙarar tamfol ɗin na fito da gudu.

Na ce, "Babanka ya ce akwai ƙyalle."

Ya zagaya shi, ya durƙusa, ya leƙa ƙasa. Ya ce, "Umma, babu ƙyalle."

Ni ma na duba. Babu. Babur ɗin tas, har ƙyalli yake yi.

Dogo ya ce, "Wataƙila ya gyara kafin ya fita."

"Da ya gyara, me zai kai shi motar haya?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mara lafiya. Maƙwabta ma haka suka ɗauka, wai baƙin ciki ne yake sa ni tuna abin da ba a faɗa ba. Har ni kaina na fara shakka. Amma duk lokacin da na wuce ta rumfar sai maganar ƙyallen ta dawo mini.

Don ya kwantar mini da hankali, Dogo ya kira bakaniken da ubansa yake kai wa manyan gyare-gyare. Dattijo ne mai son barkwanci, kowa Oga yake ce masa. Ya canza batir da baƙin mai, ya wanke fulogi, ya ɗaure sarƙa. Ya tura babur ɗin a tsakar gida ya matse birki, ya kama caraf. Ya tayar da shi, ƙara ta cika gidan.

Oga ya ce, "Uwar gida, ji muryarsa. Wannan ya fi ni lafiya, ni da gwiwa take hana ni sallah a tsaye."

Na ce, "Ka duba ko'ina?"

"Duk inda ido yake kaiwa."

Na roƙi Dogo ya sayar da shi. Ya ce, "In sayar in je gonakin da me? Da motar haya?" Yana faɗa ya yi nadama, ya sunkuyar da kai.

Sau ɗaya na taɓa hawa bayan mijina a doguwar hanya. Idan ka bar gari, ka wuce gidan mai na ƙarshe, akwai wata gangara mai tsawo da kwana a ƙasanta, manyan motoci suna bin ta a hankali kamar masu ciwon baya. A nan ya matse birki har hular kwanona ta bugi tasa. Da muka sauka ya nuna mini hannunsa na dama ya ce, "A gangaren nan, ranmu a yatsun nan biyu yake." Ta nan Dogo zai bi.

Ranar tafiyar ya saka jaket ɗin ubansa, ya zuba kayan aiki a akwatunan, ya durƙusa na yi masa addu'a. Na tsaya a ƙofa har ƙarar ta ɓace. Na dawo ciki na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauki tsintsiya. Tun rasuwar ban share rumfar ba, don ba na son kusantar babur ɗin. Na share inda yake tsayawa, na janye durom ɗin ruwa don in share bayansa.

A nan na gan shi. Ɗan jan ƙyalle, ya sha ƙura. Zanena ne. Ƙullin yana nan yadda mijina yake yin sa, ba a kwance ba, yanke shi aka yi da reza.

Na zauna a ƙasa na kira Dogo. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na san tana cikin aljihun jaket, kuma ko aradu ce ba zai ji ba a kan Bijimi. Sai kuma wani tsoron ya zo mini, kada ya ji ta, ya saki hannu ɗaya don ya ciro ta. Na kashe.

Wa zai yanke? Na tuna yadda muka tarar da babur ɗin tas, alhali mijina ya dawo da shi da laka. Wani ya wanke shi a kwanakin makoki, lokacin da nake ɗaki ban san abin da ake yi a waje ba. Na kira ƙanin mijina, wanda ya riga ya koma garin da yake aiki.

Ya ɗauka da wasa. "Matar Yaya, yau an tuna da talakawa?"

Na ce, "Kai ka wanke Bijimi?"

"Ni ne. Na ga masu gaisuwa suna kallonsa da datti, na ce bai kamata ba."

"Ka yanke wani ƙyalle?"

"Wani tsumma dai da ya maƙale. Me ya faru?"

Ban tsaya yi masa bayani ba. Na fita da wayar a kunne, takalmi wari da wari, na nufi garejin Oga. Ban san yadda na tsallaka titi ba. Na tarar da shi a ƙarƙashin wani babur, na miƙa masa ƙyallen, na ce daga jikin Bijimi aka yanko shi. Ya karɓa yana murmushi, sai murmushin ya tafi. Ya murza shi a yatsa, ya sunsuna, ya nuna mini inda jan ya koɗe ya yi santsi.

Ya ce, "Wannan ba baƙin mai ba ne, ba kuma fetur ba. Man birki ne." Ya zura ƙaramin yatsansa a zoben ƙullin, ya shiga daidai. Na ce masa ga wanda ya yanke a waya, ya karɓe ta daga hannuna. "Kai, a ina ka yanko shi?"

Na ji muryar ƙanin mijina yana amsawa. "A gaba, ƙasan kai. Jelar ce a waje, sai da na zura hannu bayan roba. A jikin wani ɗan tiyo baƙi yake."

Oga ya ajiye wayar a hankali. Ya ce, "Tiyon birkin gaba. Na matse birki ya kama, ban cire robar na duba bayanta ba." Ya dube ni. "Yaushe Dogo ya fita?"

"Bai daɗe ba. Amma ka san gudun abin."

"Zai tsaya a wani wuri?"

Na rufe ido ina neman abin da zan kama. Mijina ba ya hawa babbar hanya sai ya cika tanki a gidan mai na ƙarshe, ya tsaya wurin mai faci da ke gefensa a sake auna masa iska, ko da ya auna a gida. Na sha yi masa dariya a kan haka. Na ce, "Idan ya bi halin ubansa, zai tsaya wurin mai faci."

Oga ya san mutumin. Ya kira shi, ya ƙara murya don in ji.

"Ɗan marigayi mai ƙaton babur ya zo wurinka?"

"Ban gan shi ba. Ko ya wuce ina cikin cire tayar tirela, ban sani ba."

"Idan ya zo ka riƙe shi."

"In riƙe shi da me? Yaron nan idan ya yi atishawa sai in faɗi."

"Ka sace masa iska, ka ɓoye bawul ɗin. Birkinsa zai yanke."

Mai faci ya daina wasa. Ya ce to.

Muka tari tasi. Duk hanyar ina riƙe da ƙyallen a tafin hannu har farcena ya shiga nama. Kowace danja sai ta tsayar da mu. Ina ta lissafi a raina: yaro ne, yana sauri, ya auna iska a gida a gabana, me zai sa ya sake tsayawa? Na ga wata motar asibiti ta wuce mu da jiniya ta nufi bayan gari. Oga ya ce, "Uwar gida, motocin nan kullum suna wucewa." Amma shi ma ya bi ta da kallo.

Tun daga nesa na fara neman baƙin gilashin nan a cikin motoci. Ban gan shi a layin mai ba. Sai da muka zagaya bayan wata tirela na ga Bijimi, a tsaye a kan ƙafarsa, tayar baya ta kwanta a ƙasa. Dogo yana tsaye a kan mai faci yana masifa, shi kuma ya zauna a kan benci ya naɗe hannu.

Mai faci ya ce, "Yauwa, ga masu shi nan. Ku karɓi ɗanku kafin ya cinye ni ɗanye."

Dogo ya juyo ya gan ni. Fuskarsa ta ɓaci. "Umma, har nan? A gaban mutane?"

Na buɗe hannuna na nuna masa ƙyallen. Ya ƙura masa ido.

Oga ya ciro sukudireba daga aljihu ya kwance robar gaba. Ga tiyon nan, baƙi, siriri, ya lanƙwasa a ƙasan kai. Ni dai ban ga komai a jikinsa ba sai ɗan damshi. Oga ya ce wa Dogo ya matse birki. Ya matse. Ba abin da ya faru.

Dogo ya ce, "Kun gani ko?"

Oga ya ce, "Wannan gaisuwa ka yi masa. Matse kamar tirela ce ta tsaya a gabanka a gangare."

Ya matse da ƙarfinsa. A daidai lanƙwasar, tiyon ya kumbura kamar jijiyar wuya. Sai wani siririn mai ya yi tsartuwa ya fesa a rigar Oga, hannun birkin ya tafi luu har ya taɓa mariƙi. Dogo ya sake shi, ya sake matsewa. Babu komai a ciki.

Daga inda muke ana hango farkon gangaren, da manyan motoci suna sulalawa ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya dube su, ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna, ya cire hular kwano ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Ni kuma kukan da ban yi ba ranar da ƙanin mijina ya shigo, a nan ya zo mini, a gaban mai faci da direbobin tirela.

An canza tiyon, na gaba da na baya. Ban sake cewa a sayar da Bijimi ba, don na san amsar. Dogo yana tafiyarsa gonaki har yanzu, kuma tsoron bai bar ni ba. Da kansa ya zo ya roƙi ragowar jan zanen, ya yayyaga shi ya zuba a akwatin babur ɗin. Ƙanin mijina kuwa har yau idan ya zo ba ya yarda ya zauna kusa da rumfa.

Oga ya koya mini abu ɗaya. Ya ce in riƙa shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin babur ɗin, duk abin da ya ɗiga zai nuna. Kowace safiya kafin in ɗora ruwa, sai in je in durƙusa in jawo kwalin in duba, in miƙe in matse birkin da hannu biyu in ji ya tsaya da tauri. Ranakun da Dogo yake hanya rumfar babu kowa, sai kwalin kaɗai a ƙasa. Duk da haka ina zuwa in ɗaga shi in duba.