Fatiha Bakwai

A ƙauyen su Lamija, can cikin tsaunukan Bosniya, akwai itatuwan tuffa da masallaci da tsofaffi masu yawa. Abin da ya fara ƙaranci shi ne ruwa. Shekara uku dusar ƙanƙara ba ta zauna a kan dutse ba, masu saran itace kuma sun aske dajin da ke saman marmaro.

Daga marmaron nan kakarta, Hajrija, ta jawo famfo zuwa bakin hanya, sadaka ga mijinta Sulejman da ya rasu. Duk wanda ya sha sai ya yi masa Fatiha. Hajrija ce ta sa Lamija rubuta wa gidan talabijin wasiƙa, ko hukuma ta gani ta hana saran.

Ran Laraba wani ɗan jarida mai suna Elvedin ya iso da kyamara. Ya dubi siririn ruwan da ke zuba, ya ɓata fuska, ya juya ga Hajrija.

"Inna, ai cewa aka yi ya ƙafe."

"Cewa muka yi yana ƙafewa. Ko ba a koya muku karatu a birni?"

Ya yi dariya, ya ciro tsumma daga mota. "Minti biyu kawai zan toshe bakin. Shugabana ba zai saka famfo mai zuba a labarai ba. Taimakonku nake son yi, wallahi."

Lamija ta dubi kakarta. In ya tafi, wa zai sake zuwa?

"Kaka, minti biyu ne fa," ta ce a hankali.

"Ruwan ba nawa ba ne, 'yar nan, amana ce. Ba na hana shi ko ga tsuntsu." Ta juya ga baƙon. "Kai kuma ɗana, in ka nuna musu busasshe, cewa za su yi Allah ya jiƙan marmaro, su ci gaba da sara. Lamija, kawo butar kakanki."

Lamija ta tara butar tagulla a bakin famfon.

"Shekarar da aka gina shi, kafin ka gama Fatiha ɗaya butar nan ta cika," in ji Hajrija. "Karanta, ya ƙirga da kansa."

Lamija ta fara. A Fatiha ta biyu Elvedin yana duba agogo. A ta uku ya ajiye tsumman ya ɗaga kyamara. A ta biyar ita kanta ta yi mamaki, don ba ta taɓa ƙirgawa ba. Sai a ƙarshen ta bakwai ruwa ya taɓo wuyan butar.

"Ban san ko za su saka ba, Inna," ya ce. "Ya yi tsawo. Amma ba zan yanke ko ɗaya ba."

Ya tara hannu ya jira, ya sha, ya yi wa Sulejman tasa Fatihar.

Lamija ta bi motarsa da kallo, butar na mata nauyi a hannu. Ta gane cewa marmaron bai mutu ba tukuna, kuma abin da kakarta ke so mutane su gani ke nan.