Korin da Alkasum Ya Manta

Shekarar da Nasara suka zauna Agadas suna kwashe raƙuman mutane, mijina Alkasum ya kora namu bakwai ya ɓoye a wani kori, wato kwarin da ruwa ke bi da damina, cikin duwatsun Abzin. Ya bar su hannun wani makiyayi, ya ce kada ya kuskura ya shigo gari sai shi Alkasum ya koma da kansa. Ko ni bai gaya mini wurin ba, wai bakina ba ya riƙe magana. Ni Tabawa!

Kwana tara da dawowarsa masassara ta kwantar da shi. Ta sake shi, ta dawo, sai kansa ya juye. Ya dube ni ya ce wace ce ni. Ya ce bango na matsowa zai danne shi. Maƙwabta suka ce iskokin daji ne. Gwaggona Aissa, wadda ta tsufa cikin raƙuma, ta kwance masa rawani, ta ciro kaska a bayan kunnensa, ta ƙoshi har tana sheƙi.

"Ga iskar nan," in ji ta. "Na ga irinta ta taɓa kan mutum. Wasu sun dawo daidai, wasu da saura."

Abin da ya fi tsorata ni surutunsa. Da rana tsaka sai ya ɗaga murya yana kiran raƙuman da sunayensu, yana kwatanta hanya. Gidanmu kuwa a nan 'yan aiken kumandan Nasara ke wucewa zuwa kasuwa. Da ya fara, "Ka bi ta rijiyar…" sai in danne bakinsa da tafin hannu, Gwaggo ta hau daka a turmi don kada a ji. Har cizona ya yi. Kwana goma sha biyu ban bar shi ya kai ƙarshen magana ko sau ɗaya ba.

Allah ya sa ya tashi. Ya rame, motsi kaɗan sai ya zabura, amma ya gane ni. Na tura ƙofa na ce, "Maigida, ayarin gishiri na Bilma ya kusa tashi. Wane kori ne?"

Ya dube ni. Ya dafe kai, gumi na tsattsafo masa.

"Tabawa, na san na kai su. Hanyar ce ba na gani. Da nake ciwo, ban faɗa ba?"

Na dubi tabon haƙoransa a hannuna.

"Ka faɗa," na ce. "Kullum kana faɗa."